Yatsu Uku a Ƙofar Sarki Tankari

A wani zamani da ya shuɗe, tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, an yi wani sarki ana ce masa Tankari. Ga ƙasa, ga jama'a, ga hatsi cike da rumbuna, amma babban yatsan ƙafarsa ya hana shi sakat. Sai yatsan ya kumbura ya yi jawur, ya ɗau zafi, ko mayafi ne ya taɓa shi sai an ji ƙarar sarki a ƙofar fada. In ya lafa, bayan 'yan watanni ya dawo.

Ciwo ya ɓata masa hali, har ya kafa doka: duk wanda ya ba shi magani ciwon ya dawo, a sare masa babban yatsan ƙafa. Kafin shekara biyu an sare na mutum uku. Ni dai in na tuna wannan doka raina ɓaci yake yi.

Ana nan sai aka aika wa wani tsohon mai magani, Nomau, cewa shi ne na huɗu. Iyalinsa suka ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya ɗauki sandarsa ya je gaida guragun nan uku, ya ce, "'Yan'uwa, me kuka gaya wa sarki?"

Bakinsu ɗaya: sarki ya bar hanta da ƙoda da kayan ciki, ya rage jan nama, ya yawaita shan ruwa, ya sha magani kullum ko da zafin ya tafi.

Nomau ya ce, "Ai ni ma abin da zan faɗa ke nan. Da kunnensa ya ji?"

Suka ce, "Haba Malam! Wa ya isa? Waziri muka gaya wa."

Al'adar fadar ke nan. Sarki yana bayan labule, talaka ya faɗa wa Waziri Barau a zaure, waziri ya shiga ya isar. Nomau ya koma gida yana neman dabara.

Ranar da ya je fada ya faɗa wa waziri sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Waziri ya shiga, ya fito. Sai Nomau ya rungume gorar maganinsa, ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan magani yana da ƙa'ida. Ba ya ci sai mai shansa ya faɗi sharuɗɗansa da bakinsa a kan gorar, ina ji."

Fuskar waziri ta sauya. Amma sarki na cikin azaba, ya jiyo, ya daka tsawa a shigo da tsoho. Aka miƙa gora bayan labule, sarki ya ce, "In sha har zafi ya tafi, sa'an nan in huta. In ci abin da raina ke so, in taɓa ruwa in na ji ƙishirwa."

Nomau ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba haka na ce ba."

Dogarai suka matso. Tsoho ya ci gaba: "Kada ka ƙara cin hantar da Sarkin Fawa ke kawo maka kowace safiya. Kada ka bar magani don zafi ya tafi, domin ciwon kwanciya yake yi, ba mutuwa ba. Haka mutum ukun nan suka faɗa kafin ni."

Sarki ya yaye labule da hannunsa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce, "Waziri, haka suka ce?"

Waziri ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, tun zamanin kakanka ba a taɓa ce wa sarki 'kada' ba. Tsoro na ji, na gyara maganar."

"Kana tsaye aka sare su?"

"Ina tsaye."

Sarki ya ce, "Kai ka ɓoye, ni na sare. Dukanmu za mu amsa a gaban Allah." Ya sa aka warware rawanin waziri, aka soke dokar, aka cire labulen aka ƙone. Ya ba guragun nan gonaki da gidaje, amma wa ke iya mayar da yatsa?

Nomau ya roƙi abu ɗaya, aka ba shi: guragun nan su ukun su riƙa kawo wa sarki magani kowace safiya.

Wata shida sarki na lafiya, yana taka ƙasa garau. Ran nan ƙamshin hanta ya bugo daga madafa, sarki ya ture ƙwaryar magani ya ce, "Ai na warke, yau a bar ni."

Ba wanda ya ce masa kada. Gurgun da ya kawo ƙwaryar ya durƙusa ya ɗauka, ya juya zai fita yana ɗingishi, sauran biyun na biye da shi, ƙafafu ba takalmi. Sarki ya bi ƙafafun da kallo har bakin ƙofa, idonsa ya cika da hawaye.

Ya ce, "Ku dawo da ita."

Ya shanye. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tsallake rana ɗaya ba, Nomau kuma aka binne shi da yatsun ƙafarsa goma cif.