Ɗigon Tabawa Mai Kaɗi

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da ake gane gida da sautin dakansa, wadda wata rana da hantsi ta faɗa gidan maƙwabta a guje, mazari a hannu, saboda ta jiyo ana salati. Sunanta Tabawa. Kaɗi ne sana'arta, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ku riƙe wannan.

Me ta tarar? Hansai, amaryar bara, ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, ya kasa kama nono. Uwar mijinta, Goggo Ige, ta kwantar da shi a cinya ta yi masa ɗura. Yaro ya ƙware, ya shiɗe, da ƙyar ya dawo. Ga shi ta sake cika tafi da ruwa.

"Goggo, don Allah dakata!"

Goggo Ige ta dube ta sama da ƙasa. "Da ɗura na raini nawa duka. Ke nawa kika raina?"

Ku saurara, jama'a. Maganar nan ta fi mari zafi. Tabawa ta haɗiye ta.

"Ko ɗaya, Goggo. Amma zare in ya yi siriri ba a fizgarsa. Ara mini shi."

Ta koma gida ta kwaso audugar da ta tara don kaɗin shekara, ta naɗe shi a ciki. Hansai ta tatsa nono a ɗan ƙoƙo. Tabawa ta wanke hannu, ta tsoma ƙaramin yatsa, ta shafa masa a leɓe. Ɗigo ɗaya, sai ta jira. Ya haɗiye, ta ƙara. Ya yi barci, ta sosa masa tafin ƙafa. Ɗigo, jira. Ɗigo, jira. Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci, masaƙa suka gaji da aiko neman zare suka koma wajen wata. Tabawa na nan zaune.

Ran nan sai ta ji ɗan bakin ya damƙe yatsan, yana ja.

"Hansai, karɓe shi maza, ya iya!"

Hansai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Ɗan fari ne, ga ɗaki cike da surukai. Allah ya jiƙan mutanen da, masu kunya! Uwa ko kallon ɗan fari ba ta yi a gaban mutane, balle ta rungume shi. Amma yaro yana wawuren iska, ƙarfinsa na ƙarewa. Goggo Ige ta fara laluben ƙwaryar ɗura.

"Wannan angon nawa rago ne," in ji ta, "bari in gyara shi."

Tabawa ta yi murmushi. "Haba Goggo, kunyarki yake ji. Wane ango ne ke cin abinci a gaban amarya?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Goggo Ige ta miƙe tana cewa, "To, mun ba shi wuri, marowacin miji." Kowa ya bi ta.

Tabawa ta ɗora yaron a ƙirjin uwarsa, ta juya fuska ga bango, ta murza mazarinta. "Ni kaɗi nake yi, 'yata. Ban ga komai ba."

Mazari na juyawa. Can sai ta ji ƙwat. Sai ƙwat. Daga bayan asabari Goggo Ige ta rangaɗa guɗa, ashe tana laɓe.

'Yan uwa, haƙuri shi ya rayar da yaron nan, ba ƙarfi ba. Yau Allah ya hore muku asibiti da kwalbar jarirai da ma'aikata. In an ce ku jira yaro ya koyi tsotso, ku jira. Kar wanda ya koma gida ya yi masa ɗura a ɓoye. Kuma kar ku yi wa kowa gorin abin da Allah bai ba shi ba.

Ita kuwa Tabawa, ranar da ta koma gida, ko zama ba ta yi ba ta ji sallama. Wani baƙo ne da jaki, ƙafafunsa duk taɓo.

"Nan ne gidan mai rainon bakwaini? Baiwar Allah, namu tagwaye ne, kuma uwar ba ta tashi ba."

Tabawa ta dubi ragowar audugarta, ta naɗe ta a zane.

To ku, da a ƙofarku aka yi sallamar nan, za ku fito?