Igiyar da Isyaku ya ɗaura wa Zakariyya

Akwai wani mai walda a Gyaɗi-Gyaɗi, sunansa Isyaku. Yana aiki a wurin haƙar mai da ke tsakiyar teku. Wata guda can, wata guda gida.

In ya dawo ba ya zama. Ya duba tukunyar gas, ya taɓa wayar wuta, ya koma ya sake duba tukunyar. Matarsa Husaina ta gaji da cewa ya zauna.

Yana da dalili. Wata rana a teku abokin aikinsu ya shiga tanki, iskar ciki ta kayar da shi. Wani ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Isyaku ne na uku. Ya sa ƙafa a tsani ke nan sai shugabansu Matthias ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Gawa biyu ta ishe ni," in ji Matthias.

Tun ranar dokar ta zauna masa. Ba a shiga rami sai da igiya a jiki da mutum a sama. In wani ya faɗi a ciki, ba a bin sa.

Wata Asabar da hantsi, yayan Husaina, Alhaji Abdulmalik, ya kira shi gidansu a Tarauni. Za a yashe tsohuwar rijiyar gidan. Sun zura injin jan ruwa mai fetur a ciki tun safe, yana ta hayaƙi. Ƙanensu Zakariyya ne zai sauka.

Isyaku ya zagaya rijiyar sau uku.

"Yaya, a fito da injin nan. A bari iska ta shiga zuwa gobe."

Alhaji ya yi dariya. "Ka ji Sarkin Teku! Kakanmu ya haƙa rijiyar nan, ko takalmi babu."

"Kakanku bai sa inji a ciki ba."

An kashe injin, amma Alhaji ya ƙi jira. Isyaku ya kwance igiyar guga, ya ɗaura wa Zakariyya a ƙarƙashin hammata, ya riƙe bakinta.

"Mijin Yaya, akuya ka mai da ni?" in ji Zakariyya.

"Akuya ma ta fi ka jin magana. Ka riƙa yi mini surutu har ka fito."

Zakariyya ya sauka yana tsokana. Ya ce teku ta mai da mutum matsoraci. Ya ce wani abu kuma. Sai shiru.

"Zakariyya!"

Shiru. Igiya ta yi nauyi.

Alhaji ya jefar da hula, ya ɗora ƙafa a bakin rijiya. Isyaku ya naɗe igiyar a hannu ɗaya, ya cafko rigarsa da ɗayan.

"Sake ni! Ƙanena ne, mara imani!"

"In ka shiga, wa zai ja ku biyu? Kama igiya!"

Alhaji ya kai masa mari. Isyaku bai sake shi ba.

"Na ce kama igiya, Yaya!"

Ya kama. Maƙwabta biyu suka shigo da gudu. Suka ja, igiya tana yanka tafin hannu, har kan Zakariyya ya bayyana a langaɓe. Yana numfashi, amma da ƙyar. Suka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti.

Bayan azahar Zakariyya ya buɗe ido. Alhaji ya daɗe yana kallon shatin yatsunsa a kuncin Isyaku.

"Ka yafe mini."

"Ya wuce," in ji Isyaku. Ya miƙe. "Zan je in rufe bakin rijiyar, akwai yara a gidan."

Darasi: Dokar da aka kafa bayan an rasa rai ba tsoro ba ce, kada ka raina ta. Kada a kunna inji cikin rijiya ko rami. In wani ya faɗi, kada ka bi shi. Ja shi daga sama, ka kira 'yan kwana-kwana. Ku tura wa duk mai rijiya a gida.