Tsohon Shak da Ƙugiyar Biri

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Wani tsohon kifin shak ne a tsakiyar teku, ba mai ko gaishe shi don tsoro. Rannan Biri ya zo kamun kifi na nishaɗi. Ƙugiyarsa ta kama Shak, ya jawo shi, ya rungume shi, aka ɗauki hoto.

"Malam Biri, yanka ni za ka yi?"

"Haba Baba! Koma gida."

Shak dai ba a taɓa rungumarsa ba. Da Biri ya dawo, sai Shak ya cafke ƙugiyar da gangan don a sake rungumarsa, baki na jini.

Biri ya leƙo. "Kai ne kuma? Ai ina da hotonka." Ya tsinke igiyar.

Shak ya nutse da ƙugiyar a baki. Har yau bai tofar ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi!