Bulon da Baffa Bok Ya Ɓoye

Akwai wani mutumin ƙasar Sin mai suna Mah Lun, mai shagon ganyen shayi da magunguna a wani garin haƙar zinariya a Kalifoniya. Wancan zamanin ne da mutanensu ke tsallako teku da niyyar yin shekara uku su koma. Ukun takan zama talatin.

Mahaifinsa, Mah Sing, ya cika talatin ɗin. Yakan zauna a ƙofar shago yana kallon hazo na gangarowa daga tsauni, yana ba kowa labarin agwagin tafkin ƙauyensu a Toishan, kamar jiya ya baro su. Abu ɗaya ya roƙi ɗansa: a mayar da ƙasusuwansa gida, kusa da matarsa, a gefen gonar shinkafa.

Haka ake yi wa kowa. A binne mutum da jan bulo a cikin akwatin gawarsa, an rubuta sunansa da na ƙauyensu. Bayan shekara goma a tono, a wanke ƙasusuwan, jirgin ruwa ya kai su gida. Wanda aka rasa sunansa nan zai zauna, wai ruhinsa ya yi ta yawo da yunwa a ƙasar da ba ya jin yarenta. Babu wanda ya taɓa dawowa ya tabbatar, amma babu mai son a gwada a kansa.

Mai wannan aiki shi ne Baffa Bok, tsoho marar mata, marar ɗa. Ba a gayyatarsa biki, don ana cewa hannun da ke taɓa matattu yana kore sa'a.

Ranar da Mah Sing ya rasu, Baffa Bok ya zo shirya gawa, da bulo a hammata. Lun kuwa ya riga ya sa an sassaƙo farin dutse mai sheƙi daga birni, irin wanda Turawa ke kafawa a kan kabari.

"Baffa, ubana ba katanga ba ne da za a sa masa bulo," in ji shi. "Je ka gyara murhunka da shi."

Tsohon ya dubi dutsen ya ce, "Ya yi kyau, ɗana. Sai dai shi yana waje, mahaifinka yana ciki."

Aka yi dariya. Aka binne.

A shekara ta takwas kogi ya yi ambaliya, ya bi ta maƙabarta, ya kwashe duwatsu da alluna, ya shafe wurin da laka. Can ƙasa aka tsinci farin dutsen, masu wanki suna bugun kaya a kansa. Sun yabe shi ƙwarai.

Da shekara goma ta cika, Baffa Bok ya fara tono. Kabari arba'in da 'yan kai, babu alama ko ɗaya. Duk wanda ya buɗe, sai ya goge bulon, ya kira sunan mutumin a hankali, kamar mai tashin wani daga barci. Zuwa kwana na biyar an samu huɗu marasa bulo, aka jera su gefe.

Lun ya tsaya a kansu. Hayaƙin turare yana tashi, yana lanƙwasa, a cikinsa ya riƙa ganin tafki da agwagi, da kabarin uwarsa da fili a gefensa. Idan ya zaɓi ɗaya da ka, wataƙila ya kwantar mata da baƙo. Idan bai zaɓa ba, ubansa ya zauna ke nan.

Ya tambayi tsohon ko zai iya gane shi. Baffa Bok ya ce bayan shekara goma kowa kama yake da kowa, har masu shago.

Washegari da hantsi, a layin ƙarshe, tsohon ya ɗago wani bulo, ya goge shi da gefen riga, ya miƙa wa Lun. Rubutun karkatacce ne, irin na wanda ya koyi rubutu da girma. Mah Sing. Ga kuma sunan ƙauyen.

Lun ya daɗe yana riƙe da shi. "Na ce ka gyara murhu da shi, Baffa."

"Murhuna lafiyarsa ƙalau. A hannun rigar mahaifinka na soke shi, lokacin da kake waje kana nuna wa mutane dutse."

Lun ya naɗe hannun rigarsa ta siliki, ya durƙusa, suka wanke ƙasusuwan tare, suka shanya su a rana. Can ya ce, "Baffa, kai kuma wa zai sa maka bulo?"

Tsohon ya ci gaba da jera ƙasusuwan yatsu. Ya ce bai yi tunani ba tukuna, wanda kuma ba gaskiya ba ne.

"Mene ne sunan ƙauyenku?"

Tsohon ya faɗa masa. Shekara arba'in rabon da wani ya tambaye shi.

Baffa Bok ya rasu bayan damina uku. Shekara goma bayan haka, aka ga wani mai shago da furfura a maƙabarta, shi kaɗai da shebur. Bai sha wuyar gane kabarin ba. Rubutun bulon na Lun ne.

Darasi: Abin da aka kafa don idon mutane ruwa ɗaya ke tafiya da shi, alherin da aka ɓoye shi ke kai mutum gida. Kada ka wulaƙanta mai aikin da kai kake ƙyama. Tura wa wani, musamman wanda ke ganin ba da shi ake ba.