Ɗan Kwalejin Dallatu

Akwai wani manomin doya a Sheda mai suna Dallatu, tun zamanin da wuraren nan duk gonaki ne da duwatsu, ba a ko fara zancen gina babban birni ba. Ɗansa Yamusa ya gama firamare, ya zauna jarrabawar shiga kwaleji, bai ci ba. Ɗan Wakili, maƙwabcin Dallatu, kuwa ya ci. Abin ya tsaya wa Dallatu a rai.

Yamusa ya roƙi a kai shi koyon aikin kafinta wurin wani Oga Abraham a Masaka, kan hanyar Keffi. Dallatu ya yarda. Amma da mutane suka tambaye shi ina yaro, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Yana kwaleji." Tun daga ranar ya rasa yadda zai janye maganar.

Duk sanda Yamusa ya zo gida, sai uban ya ciro wata farar riga daga akwati.

"Sa wannan. In za ka gaida mutane kuma, bar hannunka a aljihu."

Zarto ya sa hannun ya yi kanta. Yamusa bai taɓa yin musu ba.

To, a wancan zamani, Oga Abraham da abokan sana'arsa ba sa yaye yaro haka kawai. Sai uban yaro ya zo tare da dattijo ɗaya na garinsu, a jera zarto da guduma a tabarma, uban ya ɗora hannu ya sa albarka, dattijon ya shaida. Sannan a miƙa wa yaro kayan aiki ya je ya buɗe nasa shagon. Wanda ba a yi wa haka ba, yaron shago ne har ya yi furfura.

Aka sa ranar yaye Yamusa, Dallatu ya aika cewa yana haƙar doya. Aka sake sa rana, ya ce ƙafa ke ciwo. Wane dattijo zai ɗauka, alhali duk Sheda ya gaya musu ɗansa na kwaleji?

Wata rana matarsa Azumi ta ajiye masa tuwo, ta ƙi tafiya.

"Maigida, an yaye duk tsaransa. Naka yana can yana share shago tare da yaran da shi ya koya wa riƙe guduma."

"Ya ƙara haƙuri mana."

"Haƙurin me? Shi ne ya yi ƙaryar?"

Dallatu bai iya cin tuwon ba. Da safe ya nufi gidan Wakili, ya kai ƙofa ya juya, ya sake dawowa. Wakili ya hango shi.

"A'a, baban ɗan kwaleji. Shigo mana, ga kujera."

Dallatu ya zauna, kansa a ƙasa. Ya yi gaisuwar gona, ya yi ta iyali, ya sake yin ta gona. Can dai ya ce, "Wakili, Yamusa ba ya kwaleji. Kafinta yake koyo. Na zo ka raka ni a yaye shi."

Ya jira dariya. Wakili bai yi ba.

"Kujerar da kake kai, tana girgiɗi?"

"A'a."

"A Masaka na saye ta, bara waccan. Yamusa ne ya yi ta. Da ya gan ni sai ya biyo ni har bakin mota, ya durƙusa ya ce, Baba Wakili, don Allah kada babana ya san ka gan ni, zai ji kunya. Kullum ina tsokanarka ne ko za ka faɗa da bakinka."

Dallatu ya shafa hannun kujerar, sumul, babu ko ƙusa a waje. Ashe duk shekarun nan yaron ne ke rufa masa asiri, shi kuwa yana tare wa yaron hanyar abinci. Ya kasa ɗaga ido.

Ranar kasuwa suka shiga mota su biyu zuwa Masaka. Da Yamusa ya hango ubansa da Wakili, sai ya yi maza ya tura hannu aljihu, don abin ya zame masa jiki.

Dallatu ya matso, ya ciro hannuwan da kansa, ya riƙe su a gaban jama'a.

"Oga, wannan ɗana ne, kafinta ne. Ni na makara, ba shi ba."

Aka jera zarto da guduma a tabarma, sannan ya ɗora hannun Yamusa a kan zarton, nasa a sama, ya sa albarka.

Darasi: Kada kunyar idon mutane ta sa ka tare wa ɗanka hanyar da Allah ya buɗe masa. Makaranta hanya ce, sana'ar hannu ma hanya ce, kuma yaro yana bukatar ubansa ya tsaya a bayansa a fili. In ka san wani uba mai ɓoye sana'ar ɗansa, tura masa wannan labari.