Duba-gari da Matatar Gidansa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, duba-gari ne, ma'aikacin tsafta na hukuma. Aikinsa shiga gidajen abinci da shagunan shayi, ya leƙa tukunya, ya shinshina tsumma, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba ya kai ɗakin gwaji. Kwalbar nan ba ta barin aljihunsa, har mutane suka manta sunansa, kowa sai Mai Kwalba.

Ya san aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa. In ya shigo layi sai ka ga ana ta goge teburin da aka riga aka goge. Ya rufe gidajen abinci da yawa, wasu ma da gaskiyarsa. Ba shi da gona, ba shi da gidan haya. Abin da ya mallaka a duniya suna ne: mutumin da ba a taɓa kama shi da datti ba. Sunan nan yake wankewa kullum yana gogewa, kuma a kansa zai yi komai. Ku riƙe wannan, don da na ce komai, komai nake nufi.

Wata rana ya sayo matatar ruwa, irin wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin. Fararen robobi uku a jere, da ɗan siririn famfo nata na daban, da wata 'yar fitila mai haske kore. Mai gyaran famfo ya gama ɗaurawa, ya share hannu, ya ce:

"Yallaɓai, abin da ke ciki gawayi ne da tsumman tacewa. Datti yake riƙewa, kuma cika yake yi. Duk wata shida a cire a sa sabo. In lokaci ya yi fitilar nan za ta koma ja. Bayan ka sa sabon, sai ka danne maɓallin nan ta sake ƙirga daga farko. Ka ji ko? Bayan ka sa sabon."

Mai Kwalba ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, ni za ka koya wa ruwa?"

Mai gyaran famfo ya kwashe kayansa ya yi gaba.

Kai, ya 'yan uwa, ku zo ku ga murna! Baƙo bai isa ya shiga gidan nan ya fita bai durƙusa a kicin ya gaida matata ba. Wanda ya zo gaisuwar rashin lafiya, sai ya ga matata. Wanda ya yi ɓatan hanya ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya ga matata. A ɗaga kofin gilashi saitin taga, a ce masa, "Duba. Ka ga wani abu a ciki? To, haka ruwa yake a gidan waɗanda suka yi karatu."

Daga nan ya tuna da mahaifiyarsa. Tsohuwar tana zaune gidan ƙanwarsa, inda ake dafa mata ruwa a tukunya, a bar shi ya huce, a rufe. Ya je da mota ya ce ya zo ɗaukar Inna.

Ƙanwar ta ce, "Haba Yaya, shekara bakwai tana shan ruwan nan, ko ciwon ciki ba ta taɓa yi ba."

Ya ce, "Sa'a ce kawai. Uwar duba-gari guda tana shan ruwan tukunya? In aka ji a ofis da wace fuska zan shiga?"

Kun ji dalilin? Bai ce lafiyarta ba. Fuskarsa ya ce. Aka ɗauko Inna da akwatinta da buzunta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da falo. Kowace safiya shi da hannunsa yake cika mata jug daga ɗan famfon nan ya ajiye mata a gefen gado. Maƙwabta suna ta sa albarka.

Wata shida suka cika. Ranar kuwa yana da baƙi a falo, ya riga ya yi musu alkawarin kai su kicin. Matarsa ta leƙo ta yafito shi. "Baban yara, abinka fa ya yi ja."

Ya shiga, ya durƙusa, ya ga ja. Ja, a gidansa! Baƙi ga su nan suna kurɓar shayi. Sai ya miƙa ɗan yatsa ya danne maɓallin. Ɗaya, biyu, uku. Fitila ta koma kore.

Allahu Akbar! Mutumin nan ya tashi kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa. Ya ce wa matarsa, "Kin gani? Dabarar masu kamfani ce. Sun sa wa jahilai fitila don su riƙa tsorata suna komawa shago. Ni sun yi kuskuren gida."

Ta ce, "Ai mai gyaran cewa ya yi bayan an sa sabo."

"Mai gyaran aji nawa ya yi?"

Ya 'yan uwa, fitilar nan ba ta da ido. Ba ta ganin ruwa, ba ta jin wari. Kwanaki kawai take ƙirgawa, kamar kalanda. Wanda ya yage shafin kalanda ya dawo da wata baya ne? Amma mutuminmu da takardunsa na makaranta ya zauna ya yi imani cewa ya wanke gawayi da ɗan yatsa.

Ita kuwa matata ta ci gaba da magana da harshen da take da shi. Ruwan da ke cika kofi kafin ka gama bismilla ya koma zuwa siriri kamar zare, sai ka aza kofi ka je ka dawo. Ya ce alamar tacewa mai kyau ce, gaggawa ta masu datti ce. Bakin famfon ya fara yauƙi. Ya ce laifin mai wanke-wanke ne. Matarsa ta ce ruwan yana warin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce ma'adinai ne, ba za ta gane ba. Baiwar Allah ta koma dafa wa 'ya'yanta ruwa a ɓoye. Amma jug ɗin Inna ba mai taɓawa, wannan ladan maigida ne shi kaɗai.

Inna ma ta yi magana. Ta ce, "Ruwan nan naka yana da wani ɗanɗano."

Ya ce, "Tsafta ce, Inna. Ba ki saba ba ne."

Sau huɗu fitila tana yin ja, sau huɗu yana danna ta. Shekara biyu ke nan! Matatar da ta cika ba zama take yi shiru ba. Dattin da ta tara, ga danshi, ga duhu, ya zama gidan haya na ƙwayoyin cuta, su hayayyafa, su yi jikoki, su riƙa biyo ruwa suna fita yawon buɗe ido.

Inna ta fara gudawa. Kwana biyu aka ce abinci ne. A na uku ta kasa tashi salla, idanu sun faɗa, fata in ka ja ba ta komawa. Aka kwashe ta sai asibiti, aka ɗaura mata ƙarin ruwa.

Likita ya tambaya wane ruwa take sha. Mai Kwalba ya gyara tsayuwa ya ce tatacce. Likita ya ce yaushe rabon a canza na cikin? Ya ce fitilar kore ce. Likita ya ɗago kai ya ce, "Ba lafiyar fitila na tambaya ba. Tunda aikinka ne, kai ruwan a gwada, ina son sakamakon."

To, ga inda Shaiɗan ya gyara zama. Ɗakin gwajin a ofishinsu yake, kuma kowace kwalba sai an rubuta mata inda aka ɗebo ta. Ya rubuta gidansa? Mai gwajin ta karanta, masinja ya ji, direba ya ji? Ya tsaya a kicin da kwalba a hannu da biro. Uwarsa tana kwance da allura a hannu, shi kuma abin da ke damunsa me za a ce. Sai ya rubuta sunan gidan abincin wata bazawara da ke kusa da tashar mota. A ransa, in sakamako ya fito ya karanta shi kaɗai, ya yage, ba wanda ya ji.

Ya manta abu guda. Akwai doka a ofishin cewa duk sakamakon da ya yi muni ƙwarai, kai tsaye teburin shugaba ake kai shi. Wa ya kawo shawarar dokar nan a taro, har aka tafa masa? Shi ne.

Bayan kwana uku shugaba ya faɗo ofishinsa da takarda a hannu. "Mai Kwalba, aikinka ya yi kyau! Wannan ai guba ake ba mutane. Ɗauko kwaɗo, a fito da mota!"

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba a buɗe wangalau. Kalma nawa ce? "Yallaɓai, ruwan gidana ne." Shi ke nan. Ya sha kunyar yini ɗaya, a yi masa dariya a kantin ofis, a wuce wurin. Me ya yi? Ya buɗe durowa ya ɗauko kwaɗo.

Suka isa da tsakar rana, tukwane cike, leburori da direbobi kowa da faranti a gaba. Matar ta fito tana share hannu da zani. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta ce, "Ni? Mai Kwalba, ka ji tsoron Allah. Rabonka da shagon nan tun bara. Yaushe ka ɗebi ruwana?" Ta ja su ciki ta nuna musu tata matatar, ƙarama, ta jikin famfo. Ta manna mata farar takarda ta rubuta ranar da ta canza, watan jiya. Ba ta yi jami'a ba, biro kawai take da shi.

Ya ce, "Duk haka suke cewa." Ya kori masu cin abinci, ya ja ƙofa, ya datse kwaɗo da hannunsa. Matar tana tsaye a titi da ludayi, marayunta uku suna makaranta ba su san abincin gobe ya tafi ba.

Amma mai gwajin ta biyo su a motar, kuma kafin a rufe ta ɗebi wani ruwan da kanta, yadda ƙa'ida ta ce. Kwana biyu sakamako ya fito tas. Ana cikin mamakin yadda famfo ɗaya zai ba da guba ranar Litinin ya ba da lafiya ranar Alhamis, sai ga wayar likita. Yana neman sakamakon ruwan gidan ma'aikacinsu Mai Kwalba, wanda ya ce ya kawo tun ranar Litinin, don mahaifiyarsa tana jin jiki.

Shugaba ya ajiye waya. Ya ce a fito da mota.

Wannan karon gidan Mai Kwalba aka nufa, da shugaba, da mai gwaji, da abokan aikin da ya sha durƙusar da su a kicin ɗin nan. Aka kira mai gyaran famfo. Ya kwance farar robar farko ya zaro abin ciki. Subhanallahi! Baƙi ƙirin, yana yauƙi, yana ɗiga. Wari ya bugi ɗakin, direba ya yi waje da gudu yana toshe hanci. Mai gyaran famfo ya ɗaga shi sama da yatsu biyu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai nawa ne. Wanda na sa da hannuna."

Aka buɗe wa bazawara shagonta, hukuma ta ba ta haƙuri a rubuce. Shi kuma aka karɓe katinsa da kwaɗonsa, aka sallame shi. Ba don matata ba. Don ƙarya a takardar hukuma da zaluntar wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Yanzu in ya bi ta layin masu abinci ba mai goge tebur. Wani mai shayi ma har kira yake, "Yallaɓai, a kawo ruwa ko ka taho da naka?"

Inna Allah ya tashi kafaɗunta. Ranar da aka sallame ta ya kawo mota, ta ce a kai ta gidan 'yarta. Ya durƙusa a bakin gadon asibiti yana neman gafara. Ta ce, "Cikina na yafe maka, ni na haife ka. Matar da ka rufe wa shago kuwa, ba ni ce zan yafe ba. Ka san hanyar tasha."

Ya 'yan uwa, mu dawo kanmu. Wanda ke da matata a gida, yau ɗin nan ya duba takardarta ya ga wata nawa aka ce ta yi, ya rubuta ranar da ya sa ta ya manna. In ruwa ya rage gudu, in ɗanɗano ya canza, in wari ya shigo, kada ya jira fitila. In an bar gida an daɗe, a bar ruwan ya zuba sosai kafin a sha. In kuma babu halin sabuwa, a dafa, ba wanda tukunya ta taɓa zubar wa mutunci.

Sannan mu tambayi zukatanmu. Sau nawa aka yi mana nasiha muka tambayi ajin da mai nasihar ya yi? Sau nawa muka ce astagfirullah da baki, laifin yana nan a ciki ba mu cire ba, muka tashi muna jin mun koma sababbi? Girman kai ba ya tsayawa kan mai shi. Sai ya shafi uwarsa, ya shafi maƙwabci, ya shafi marayun da bai taɓa gani ba.

Allah ya kiyaye mu da ilimin da ke toshe kunne. Allah ya ba mu ikon cewa "laifina ne" tun kalmar tana da amfani. Allah ya tsare iyayenmu daga abin da hannayenmu ke miƙa musu. Amin.