Matuƙin Jirgin da Ya Kai Ƙarar Kansa

Akwai wani mutumin Tambuwal mai suna Attahiru, zamanin Jihar Arewa. Matuƙin ƙaramin jirgin sama ne, aikinsa feshin maganin jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye dawa da shinkafa.

Wata shekara da kaka, jan-baki suka sauka a gonakin Kebbe, aka tura shi. Yana cikin tafiya hadari ya tare shi, ya karkata don ya kauce. Ko da ya duba ƙasa sai ya ga hayaƙi da motocin soja. Ashe ya shiga saman dajin da sojoji ke gwajin manyan bindigogi, inda aka hana jirage bi.

Minti huɗu ya yi a ciki ya fita. Babu wanda ya lura.

Da ya sauka, ya gaya wa abokin aikinsa Atiku.

Atiku ya ce, "Wa ya gan ka? Yi shiru. In ka faɗi, karɓe maka lasin za su yi."

Attahiru ya ce, "Abin da nika tsoro, gobe wani shi bi nan ana tsakar harbi."

Ya zauna ya rubuta wa shugabanninsa komai, har da nasa sakacin na ƙin kiran ofis ta rediyo kafin ya sake hanya. Nan take aka dakatar da shi. Kwana goma jirginsa na ajiye, jan-baki na ta ɓarna a Kebbe, mutanen gari na cewa gaskiyarsa ta jawo musu asara.

Ranar zaman bincike, wani hafsan soja ya ce, "Doka doka ce. A karɓe lasinsa."

Malam Maccido, shugaban zaman, ya tambayi hafsan, "Wa ya kama shi?"

"Babu kowa."

"To, in mun kore shi yau, wanda zai ɓata hanya gobe zai zo ya gaya mana?"



Aka bai wa Attahiru takardar gargaɗi kan maganar rediyo, aka mayar masa da jirginsa. Aka kuma sanar cewa duk wanda ya shiga saman dajin bisa kuskure ya faɗa da bakinsa ba za a kore shi ba, amma wanda ya ɓoye aka gano, ya bar aiki.

Kafin wata ya ƙare, matuƙa shida suka kawo rahoto, duk a kan kusurwar dajin da Attahiru ya ratsa. Da aka duba, taswirar da ke hannunsu tsohuwa ce: an faɗaɗa yankin sojojin, ba a sake zana ta ba. Shekara biyu ke nan jirage na ratsa saman bindigogi.

Darasi: Wanda ya faɗi kuskurensa a yi masa gyara, ba kora ba. Inda ake hukunta mai faɗin gaskiya, kowa sai ya koyi ɓoyewa, haɗarin kuwa yana nan. Ku tura wa duk mai shugabantar mutane a wurin aiki.